Daga aikatau zuwa turke: nazarin shirin BRAC na ba matalauta kadara a Bangaladash

A arewa maso yammacin Bangaladash, a yankin Rangpur, akwai watannin da kowa ya san na yunwa ne, mutanen wurin suna kiransu monga. Suna faɗowa tsakanin Satumba da Nuwamba, bayan an gama dashen shinkafa, kafin a fara girbi. Gonaki sun yi kore shar, amma babu aikin da za a ɗauki ɗan ƙwadago ya yi a cikinsu. Mai gona yana da abin da zai lallaɓa da shi har kaka, mai saniya yana tatsa ya sayar. Wanda ba shi da komai sai ƙarfin jikinsa shi ke kwana da yunwa, domin abu ɗaya tak da yake sayarwa ya rasa mai saye.

Cikin waɗannan mutane, mata sun fi kowa jin jiki: wadda mijinta ya rasu, wadda aka saka, wadda mijin yake kwance ba lafiya, wadda ya sa ƙafa ya bar ta da yara. Aiki biyu ne a gabanta, ko ƙwadago a gonar wani ko aikatau a gidan wani, kuma duka biyun sai an neme ta. Don irin waɗannan mata ne ƙungiyar BRAC ta ƙirƙiro shirin da wannan nazari ya duba, wanda aka fara a 2002 a gundumomin Rangpur da Kurigram da Nilphamari.

Yadda aka kai ga shirin

Fazle Hasan Abed ne ya kafa BRAC a 1972, domin agaza wa mutanen da yaƙin neman 'yancin kai na 1971 ya ɗaiɗaita. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ba da ƙananan rance a duniya, ita da bankin Grameen na Muhammad Yunus. A lokacin ana ta yabon rancen, ana ganin shi ne maganin talauci. Sai ma'aikatan BRAC suka lura da wani abu a ƙauyukan da suke aiki: waɗanda suka fi kowa talauci ba sa cikin masu karɓa. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ga mutanen da ko bashin ba ya kai musu. Ƙungiyoyin matan da ke karɓar rancen tare ba sa son sa su a ciki, don gudun kada su kasa biya abin ya shafi kowa. Su ma kansu suna tsoro, kuma tsoron nasu bisa hankali yake. Macen da ba ta san ko za ta samu aiki gobe ba, da me za ta ɗauki alkawarin biyan kuɗi duk mako?

BRAC ta taɓa gwada wata hanya tun tsakiyar shekarun 1980, tare da gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, inda ake ba mata hatsi na wani lokaci, a koya musu sana'a, sannan a sa su a layin rance. Wasu sun amfana. Wasu kuwa da hatsin ya tsaya sai suka koma gidan jiya. Darasin da aka ɗauka shi ne abinci yana raba mutum da yunwar yau, rance yana taimakon wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke sauya irin aikin da mace take yi don ta ci abinci. Abin da ke sauya wannan shi ne ta mallaki wani abu mai haifar da kuɗi. Daga nan aka yanke shawarar a ba ta abin kyauta, ba bashi ba.

Zaɓen waɗanda za a ba

Wannan mataki ya ci lokaci, kuma a ganina rabin nasarar shirin a nan take. Ana tara mutanen ƙauye, su zana taswirar ƙauyensu, su jera gidaje daki-daki daga mai hali zuwa wanda ba shi da komai. Mutanen gari sun san wanda yake kwana bai ɗora tukunya ba, sanin da babu takardar tambayoyin da za ta kai shi. Bayan haka ma'aikata su bi gidajen da suka faɗo a ƙasan jerin, su duba da idonsu. Ana neman gidan da ya cika aƙalla uku daga cikin sharuɗɗa biyar: filin da suka mallaka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na eka ba, babu namiji baligi mai samun kuɗi, matar gidan tana ƙwadago ko aikatau a waje, yaran da ya kamata suna makaranta suna aiki, kuma babu wata kadara mai kawo kuɗi. Gidan da yake karɓar rance ko tallafin gwamnati ba ya shiga. Haka ma gidan da babu mace mai ƙarfin yin aiki, kuma zan dawo kan wannan.

Wadda aka zaɓa ana nuna mata abubuwan da za ta iya ɗauka: shanu, awaki, kaji, kayan ƙaramin kasuwanci, ko renon tsirrai da kayan lambu. A rukunin da aka yi bincike a kansu, kusan tara cikin goma sun ɗauki abin da ya haɗa da saniya. Kuɗin kadarar ya kai wajen dala 140 a canjin lokacin. Ga macen da ba ta taɓa mallakar abin da ya wuce tukwane da 'yan kaji ba, wannan dukiya ce babba.

Ba a miƙa mata igiya a juya baya. Ana koya mata kiwo, masanin dabbobi yana zagayowa a shekarar farko, ma'aikacin shirin kuma yana zuwa gidanta duk mako har shekara biyu. Ana ba ta ɗan kuɗin abinci na makonni 40 na farko, domin saniya ba ta fara biyan wahalar mai ita ranar da aka kawo ta, kuma yunwa na iya sa a kai ta kasuwa kafin ta haihu. Ana buƙatar kada ta sayar da ita cikin shekara biyun. Ana sa ta ta fara ajiya komai ƙanƙantarta, ana kula da lafiyar gidan. Sannan aka kafa kwamitoci na masu faɗa a ji a ƙauyen, aka ɗora musu nauyin kare waɗannan mata da dukiyarsu. Dabara ce mai kyau: mutanen da a da za su iya yi wa matalauciya hassadar saniyarta, ko su kau da kai idan an sace, sai aka mai da abin ya zama mutuncinsu ne.

Abin da bincike ya gano

Ba kasafai ake bin diddigin shirin yaƙi da talauci yadda aka bi na wannan ba. A 2007, masana daga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan da abokan aikinsu, cikinsu har da Oriana Bandiera da Robin Burgess da Imran Rasul da Munshi Sulaiman, suka haɗa kai da BRAC. Aka ɗauki rassan ƙungiyar 40 a gundumomi 13 mafiya talauci, aka jefa ƙuri'a: rabi su fara shirin nan take, rabi su jira sai 2011. Ƙuri'ar ita ce ta ba binciken ƙarfinsa, domin duk bambancin da aka gani daga baya tsakanin ɓangarorin biyu ba za a ce don an zaɓi masu himma ba ne. An bi gidaje sama da 21,000 a ƙauyuka 1,309, masu hali da marasa shi, aka koma musu a 2009 da 2011 da 2014. An wallafa sakamakon a 2017.

Tun kafin a raba saniya ko ɗaya, ƙidayar farko ta nuna abin da ya kamata ya kashe bakin masu cewa lalaci ne ke sa talauci. Kusan duk aikin da mata ke yi a ƙauyukan nan kala uku ne: ƙwadagon gona, aikatau, da kiwo. Matalauta suna yin biyun farko, matan gidajen masu hali suna kiwo. Abin da awa ɗaya ta kiwo ke kawowa ya ninka na ƙwadago, kuma kiwo ba shi da lokacin da yake yankewa, saniya tana son ci tana ba da madara a kowane wata. Shi kuwa ƙwadago yana bin yanayin gona. Saboda haka matalauciyar mace tana yin aiki kwanaki kaɗan a shekara, abin da ya kai wata biyu ƙasa da na matar mai hali, ba don ba ta so ba, sai don ba mai ɗaukarta. Aikin da ya fi biya yana da kuɗin shiga, kuɗin shigar kuwa shi ne saniya.

Bayan shekara huɗu, matan da aka ba kadara sun ninka lokacin da suke ba kiwo fiye da sau uku, sun rage ƙwadagon gona, sun rage aikatau sosai. Idan aka haɗa duka, kwanakin da suke aiki a shekara sun ƙaru da kashi 22 cikin 100, abin da suke samu ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, abin da gidan ke kashewa kan kowane mutum ya ƙaru da kashi 11 cikin 100, idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba su shiga ba tukuna. Wato kyautar ba ta sa sun naɗe hannu ba, ƙara musu aiki ta yi.

Kashi 11 cikin 100 ba adadi ba ne mai sa a yi guɗa, kuma bai kamata a zuzuta shi ba. Gidan da ke cikin matsanancin talauci, idan abin da yake ci ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma, har yanzu gidan talaka ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana wani wuri: dukiyar ta ci gaba da haihuwa bayan ma'aikatan BRAC sun daina zuwa. Matan sun ƙara shanu, sun sayi awaki, sun gina wa dabbobin rumfa, wasu sun sayi keken dakon kaya mai ƙafa uku ko injin ban ruwa. Da yawa sun fara karɓar hayar gona, wasu har sun saya. Ajiyarsu ta ƙaru, kuma an samu waɗanda a da ba mai ba su bashi sun koma su ne ke ranta wa maƙwabta. A shekara ta bakwai abin bai ja da baya ba. Har waɗanda ba su shiga shirin ba sun ɗan taɓa: da masu neman aikatau da ƙwadago suka ragu, ladan aikin ya tashi ga waɗanda suka rage a cikinsa.

Iyakar da sai an tsallake ta

Bincike na biyu, wanda Clare Balboni da Bandiera da Burgess da Maitreesh Ghatak da Anton Heil suka wallafa a 2022, shi ne ya fi shafar maganar tazarar dukiya tsakanin masu hali da matalauta. Sun bi kimanin gidaje 6,000 na matalautan har tsawon shekara 11. Da suka duba yadda kadarori masu kawo kuɗi suka rarrabu a ƙauyukan kafin shirin, sai suka ga jama'a sun kasu tuli biyu: tuli ɗaya na waɗanda ba su da komai, ɗaya na waɗanda suke da abin kirki, tsakiya kuwa kusan fayau. Da a ce ana hawa daga talauci da kaɗan-kaɗan, da an tarar da mutane birjik a tsakiyar suna kan hanya. Rashinsu a wurin yana nuna tsakiyar ba wurin zama ba ce, wanda ya tsinci kansa a can ko dai ya haye ko ya zamo.

Shirin BRAC ya ɗebi dubban mata ya ajiye su a daidai wannan tsakiyar, sai aka samu damar ganin abin da ke faruwa. Dukkansu matalauta ne, amma akwai ɗan bambanci a abin da kowacce take da shi kafin a ba ta saniya: wata tana da 'yar rumfa ko kurar ɗaukar kaya, wata ba ta da ko tsinke. Masanan suka gano iyaka a wajen taka 9,300, kuɗin Bangaladash. Wadda kadararta, idan an haɗa da abin da aka ba ta, ta haura wannan iyaka, dukiyarta ta ci gaba da ƙaruwa shekara bayan shekara. Wadda ta tsaya ƙasa da ita, ko da da kaɗan ne, sai abin ya riƙa zagwanyewa har ta kusa komawa inda ta fito. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san kiwo. Saniya tana son abinci, magani, wurin kwana, da hanyar kai madara ko ɗauko ciyawa. Idan abin da take kawowa bai isa ya ciyar da gida ya kuma riƙe ta ba, to ana cin jarin ne a hankali ba a sani ba.

Wannan sakamako yana da nauyi ga duk mai tsara tallafi. Gwamnatoci da ƙungiyoyi suna son su raba ɗan abin da ke hannu ga mutane da yawa, domin adadin waɗanda suka amfana ya yi kyau a rahoto, a ce da babu gara ba daɗi. Idan ana maganar cika ciki ne, haka ne. Idan kuwa ana son mutum ya fita daga talauci, igiyar da ba ta kai ruwa ba, ko taƙi ɗaya ya rage, guga haka zai fito a bushe. Ba mace rabin abin da zai tsallakar da ita, sannan a dawo bayan shekara uku a ce ta kasa, zalunci ne, domin an ɗora mata laifin lissafin da ba ita ta yi ba.

Da aka kai shi wasu ƙasashe

Daga 2006 gidauniyar Ford da cibiyar CGAP mai aiki kan harkokin kuɗi na matalauta suka ɗauki nauyin gwada tsarin a wajen Bangaladash. A 2015 mujallar Science ta buga sakamakon ƙasashe shida, Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, daga gidaje 10,495, aikin Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Dean Karlan da wasu. A biyar daga cikinsu amfanin ya fi kuɗin da aka kashe. A Honduras abin bai yi ba, saboda yawancin gidajen kaji aka ba su, cuta ta shiga ta kashe su. Kadara mai rai tana iya mutuwa, kuma talakan da ya zuba watanni a kanta shi ke ɗaukar asarar.

Gana ta ƙara haske a kan tambayar da kowane mai riƙe da baitulmali zai yi: tunda bibiya da horarwa suna cin kuɗi kusan daidai da kadarar kanta, me zai hana a ba da dabba kawai a huta? An gwada. Wasu gidaje an ba su awaki kurum, wasu an buɗe musu hanyar ajiya kurum, wasu an yi musu shirin gaba ɗaya. Na ƙarshen ne kawai suka samu ci gaba mai ɗorewa. A jihar Bengal ta Yamma a Indiya, inda ƙungiyar Bandhan ta gudanar da shi, an koma bayan shekara goma aka tarar amfanin yana nan, har iyalan sun bazu zuwa wasu sana'o'i, wasu suna tafiya neman kuɗi birane masu nisa. Amma a can ɗin kusan rabin waɗanda aka zaɓa ne kawai suka karɓa. Wasu sun ƙi saboda jita-jitar ƙarya cewa ana so a raba su da addininsu ne, wasu matan kuma sun ji tsoron mazansu za su salwantar da dabbar su bar su da abin kunya. A Habasha kuwa, da aka koma bayan shekara bakwai, ratar da ke tsakanin waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba ta ragu, domin su ma na biyun sun matso. Duk wanda ya ce tsarin yana aiki daidai wa daida a ko'ina bai faɗi gaskiya ba.

Tazarar dukiya fa?

A nan ya kamata a yi magana da auna harshe. A Bangaladash BRAC ta kai shirin ga gidaje sama da miliyan 2, kuma shaidar da ake da ita ta nuna ya ɗaga mutane daga tulin marasa komai ya matsar da su kusa da maƙwabtansu masu ɗan abin hannu. Wannan rage tazara ne na gaske, a wurin da ta fi ciwo. Sai dai babbar dukiya a ƙauyukan nan ƙasar noma ce, kuma tana hannun waɗanda take hannunsu tun da. Macen da ta kai ga karɓar hayar gona ta ci gaba ƙwarai, amma kuɗin hayar aljihun mai gonar yake shiga. Shirin bai taɓa rabon ƙasa ba, bai taɓa gado ba, bai taɓa ingancin makarantar da 'ya'yanta za su shiga ba. Ko a tsakanin matan da aka ba, ribar ba ta zo daidai ba: waɗanda suka fi samu sun yi wa na ƙasa fintinkau a tara kadara da ajiya.

Akwai kuma batun kuɗi. Aika ma'aikaci gida-gida duk mako har shekara biyu abu ne da BRAC ta iya saboda tana da rassa da dubban ma'aikata a ƙauyuka tun shekaru da dama. Ma'aikatar gwamnati da ba ta da irin wannan shimfiɗa za ta so ta rage ziyara, ta rage girman kadarar, ta ƙara yawan gidaje, kuma binciken Gana da na iyakar taka 9,300 duk sun nuna inda wannan hanya take ɓullewa. Ita kanta BRAC daga baya ta sauya fasalin shirin, ta kasa mahalarta rukuni-rukuni, inda waɗanda suka ɗan fi ƙarfi suke mayar da wani kaso na kuɗin kadarar a matsayin bashi marar ruwa. Hakan yana sa kuɗin ya kai ga mutane da yawa, amma yana buƙatar a sa ido sosai kada biyan bashin ya ja mace ƙasa da iyakar da ake so ta tsallake.

Sai waɗanda aka bari a baya tun ranar zaɓe. Sharaɗin cewa sai gida yana da mace mai ƙarfin aiki ya fitar da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da mai naƙasa, da mai ciwon da ba ya warkewa. Ba mugunta ce ta sa aka yi haka ba, saniya tana son mai yanko mata ciyawa ne. Amma waɗannan su ne a can ƙarshen jerin da mutanen ƙauye suka yi da hannunsu, kuma su ne monga ke fara kayarwa. Abin da ya dace da su shi ne kuɗin tallafin tsofaffi da na zawarawa da na masu naƙasa, wanda gwamnatin Bangaladash take bayarwa, a riƙa biyansa kan lokaci kuma ya kai yadda zai ciyar da mutum. Duk gwamnatin da ta ɗauki tsarin ba da kadara, ta kuma rage irin wannan tallafi da sunan ta samu hanyar da ta fi, to da kuɗin abincin tsohuwar nan ta sayi saniyar maƙwabciyarta.